Waya ta Uku a Gidanmu na Sabon Gari

Ana sallame sallar asuba muka nufi tashar Tsafe, ni da ƙanena, raina a ɓace tun daga gida. Jama'a, mai gidan haya ba shi da hutu. Gidan da marigayi Baba ya bar mana a Sabon Garin Gusau sashe biyu ne, mitar wuta ɗaya. Sashe guda na Maman Ngozi ne, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. Tun ina goye take gidan, ita ma ta yi jinyar mahaifiyarmu. Ɗayan na Malam Sani tela. Katin wuta ba ya jimawa ya ƙare, Malam Sani kuma ya tsaya tsakar gida yana cewa firjinta ke shanye wutar, har da kiranta mai cin haƙƙi. Sai ta bugo min waya wai ta fara ɗaure kaya. Na ce wallahi ba inda za ki, ina nan tafe a raba mitar nan kowa ya huta.

Direba ya cusa mu huɗu a baya, kuɗin mota kuwa sai ka ce Kaduna za mu. Wajen 'Yandoto gero ya yi kai gwanin sha'awa, amma wa ke da zuciyar kallo? Ramuka da shingayen bincike sun ishe mu. Wata tsohuwa ta ɗora min kwandon kaji a cinya, ko "don Allah" babu.

A ofishin 'yan wuta muka sha layi har rana ta take, sannan aka ce sai da takardar gida. Takarda kuwa tana Bunguɗu wajen Yaya. Haba! Muka sake neman mota. Yaya ya rantse ba mu tashi sai mun ci hoce mun kora da fura, yana ta labarin gonarsa ta Furfuri, ni ina ta duban rana. Hocen dai ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Kwanaki muka yi muna zarya kafin sabuwar mita ta fito. Mai gyaran wuta ya hau tsani yana bin wayoyi, wannan ta tela, wannan ta Maman Ngozi. Sai ya leƙo ƙasa.

"Hajiya, ta ukun nan fa? Ta tsallake katanga."

Bayan katangar ɗakin Inna Ladi ne, tsohuwar da ba ta da kowa. Ƙwan fitila, fanka, da hitar da take dafa ruwan gasa ƙafafunta, duk a kan mitarmu suke.

"Ashe!" in ji Malam Sani. "A yanke ta!"

Maman Ngozi ta ajiye kwalin da ke hannunta. "Kar ka taɓa. Baba ne ya ja mata da hannunsa. Ya ce kar kowa ya ji, ko ku 'ya'yansa."

Na ce, "Mama, ana zaginki, kin sani, kika yi shiru?"

"Amana ya ba ni. Gara in tashi da in tona. Ku haɗa ta a mitata."

Malam Sani ya sunkuyar da kai ya shige ɗaki. Ni kuwa haushi da kunya suka taru min. Na ce sam, sadakar ubana ba ta komawa wuyan 'yar haya, wutar Inna Ladi tawa ce daga yau. Na tsaya a kan Maman Ngozi sai da ta kwance kayanta tsaf.

Na iso Tsafe da ciwon baya, zanena da kashin kaji, ga wani layin yana jirana na mita ta uku. Amma na koyi abu guda. Ranar rabon gado mun zauna mun raba ɗakuna da gonaki har da tukwane, muka ɗauka mun gama sanin Baba. Abin da ya fi so cikin abin da ya bari, ba mu ya bar wa ba.