Ƙofar da Yaya Garba ya rufe don ya ji inji

Da kakar bana Yaya Garba ya cika shekara goma sha biyu a ƙasa. Na so in yi rubutun nan yadda aka saba, in jero halayensa na kirki, in roƙa masa gafara, in ajiye alƙalami. Wani abu da na ji a asibiti nan Sakkwato cikin daminar da ta wuce shi ya hana ni. Mai karatu ya yi mini uzuri tun daga farko. Ni ba likita ba ne, ba makanike ba ne, aikin gona na karanta, kuma ina tsoron in faɗi abin da ya fi ƙarfin sanina.

Garba wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, makaniken mota a Yelwa. Yawancin aikinsa tsofaffin akori-kura ne, masu ɗauko busasshen kifi daga Wara da masu jigilar shinkafa daga wajen Shanga, motocin da wani gari da tuni an mayar da su akurkin kaji. Direbobi suna ce masa Mai Kunne. Yakan ɗora bakin sukudireba a kan inji, ya kafa ƙotarta a kunnensa, ya lumshe ido, ya gaya maka wane bawul ne ke ciwo. Bawul shi ne ɗan murfin ƙarfen nan da ke buɗewa yana rufewa a cikin inji, mai ya shiga, hayaƙi ya fita. In datti ya taru a jikinsa sai ya riƙa maƙalewa, inji ya kama ƙas-ƙas-ƙas, mota ta rasa ƙarfin hawan tudu. Maganin Yaya shi ne ya rage baƙin mai, ya zuba ɗan kananzir, ya bar inji yana aiki a hankali har ya ɗau zafi dattin ya narke, shi kuwa yana saurare. In ƙarar ta sauya sai ya kashe, ya juye man, ya zuba sabo, ya yi seti.

Garejinsa tsohon siton gyaɗa ne kusa da tasha, bangon ƙasa mai kauri, ƙofar ƙarfe, babu taga sai wata 'yar kafa can sama wadda ya toshe da buhu. Ranar kasuwa hayaniya ba ta barin mutum ya ji ko tarinsa: injin niƙa, 'yan kamasho, jiragen ruwa masu inji suna isowa bakin gaɓa. Sai ya shigar da mota ciki ya ja ƙofa. Yakan ce inji majinyaci ne, ba a duba majinyaci tsakiyar kasuwa. Mun sha yi masa dariya a kan wannan magana. Yakan kuma dawo gida da ciwon kai, Inna ta jiƙa masa saiwa ta ce rana ce.

Yana da aboki, Ɗantani, masunci daga mutanen tsibiran da aka tasa lokacin da aka datse kogi ruwan tafki ya cika. Kowace kasuwa sai ya kawo wa Yaya gasasshen kifi a kwano. A ranar da abin ya faru, bayan azahar, masu shayi na bakin tasha sun ga ya miƙa kwanon, sun kuma ji Yaya yana ce masa, “Wanga kifi ne ko ƙaya ka tattaro mini?” Ɗantani ya ce, “Mai cin kyauta ba shi zaɓe. Ci ka bar mini kwanona.” Yaya ya shiga ya ja ƙofa. Motar da ke ciki bawul ɗinta ba ya maƙalewa sai inji ya yi zafi sosai, saboda haka dole a bar shi ya daɗe yana aiki.

Da la'asar mai motar ya zo, ya buga ƙofa har ya gaji, aka ɓalle ta. Inji ya mutu da kansa, makulli yana nan a kunne. Yaya yana zaune ya jingina da taya, ya yi amai, leɓɓansa sun yi ja kamar wanda ya ci goro. Kwanon kifi yana gefensa, an ci rabi. Ƙarƙashin benci kuma ga kazar da ke yi masa ƙwai a garejin, ta mutu.

Kafin magariba an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya koyar, ba wanda ya yi zancen asibiti. A zaman makoki aka fara raɗa, kuma kazar nan ita ce shaidar kowa: ta tsattsagi kifin, ta bi mai gidanta. Ba a kai ƙara ba. Ba wanda ya tari Ɗantani ya faɗa masa a ido. Ya dai zo gaisuwa aka ɗan janye tabarma, ya kai kifi kasuwa ya ruɓe a gabansa, yara suka daina shiga gidansa shan ruwa. Magana zarar bunu ce. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma wani ƙauye na bakin kogi wajen Shanga. Ni lokacin ina shekarar farko a jami'a. Zancen bai taɓa zauna mini ba, amma ba ni da wani bayani da zan ajiye a gurbinsa, kazar kuwa da idona na gan ta.

Cikin daminar bana, wata safiya ana ruwa, aka tsinci direban ma'aikatarmu a sume cikin gareji. Ya ta da mota don ta ɗumama, ya sauke ƙofa saboda feshi. Ni na raka shi asibiti, kuma Allah ya yi da sauran kwanansa. Tambayar farko da likita ya yi mini ita ce ko ƙofa a rufe take. Ya ce a cikin hayaƙin salansa akwai wata iska marar wari marar launi, tana fara wa mutum da ciwon kai, sai amai, sai kasala ta hana shi ko miƙewa, wani lokaci leɓe ya yi ja. Na tambaye shi ko tana iya kashe kaza. Ya dube ni kamar mai mamakin tambayar, ya ce ai kaza ma ita za ta riga mutum.

Ban san tsawon zaman da na yi a bencin asibitin nan ba. Shekara goma sha biyu gari guda yana kallon mataccen tsuntsu yana karanta shi a juye. Rashin sani ya fi dare duhu, na sha faɗar haka a baki, ranar nan na san nauyinsa.

Dole in yi taka-tsantsan a nan. Ba a binciki gawa ba, ba kuma za a taɓa bincika ba. Likitan da na sake komawa wurinsa na zayyana masa komai ya ce ba zai rantse a kan abin da bai gani ba, amma da za a tambaye shi, ba kifi zai fara tuhuma ba. Ajali kuwa na Allah ne, ko ta wace ƙofa ya shigo. Iyakar abin da zan iya cewa, duk alamar da aka jingina wa kwanon nan, ɗakin da kansa ya isa ya kawo ta.

Na nemi hutu na tafi Shanga, na shiga kwale-kwale zuwa ƙauyen. Na tarar da Ɗantani yana ɗinkin komar kamun kifi a inuwa, furfura ta cinye kansa. Ya gane ni tun kafin in yi sallama.

“Ƙanen Mai Kunne. Kai ma ka girma ka yi tumbin gwamnati.”

Na zauna na yi masa bayani, ina ta kewaye-kewaye, ina cewa wataƙila, ina cewa a ganin likita. Bai ɗaga kai daga ɗinkinsa ba sai da na gama.

“To, Malam Umaru, mi kaka so in ce? Ni na san abin da na sa cikin kifi, gishiri ne da barkono. Ba ni aka zo ma da labari ba. Tahi kasuwar Yelwa ka hwaɗi.”

Ya ajiye ɗinkin, sannan ya ce, “Ashe shina zaune nan bayan ƙohwa, ni ina waje ina cinikin kifi ragon ruwa. Da na sani da na buga mishi ko don kwanona.” Ya share fuska da hannun riga. Bai yi zancen shekarun da ya rasa ba, ni ma ban iya tayarwa ba.

Na Inna ya fi mini wuya. Ta saurare ni har ƙarshe, carbi a hannunta, sannan ta ce, “Kenan shi da hannunshi ya ja ƙohwar?” Na ce haka alama ta nuna. Ta ce, “Ciwon kan da nika jiƙa mishi magani fa?” Na lura a ranar cewa samun wanda za a zarga wani irin bango ne da mai makoki ke jingina da shi, ni kuwa na zo na rushe mata nata tana tsohuwa. Har yanzu ban tabbata na zaɓi kalmomin da suka dace ba.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga Yelwa ta yau. Kayan gyara sun yi tsadar da tsohuwar mota ba ta da ranar hutu, saboda haka aikin kunne ya fi da daraja. Wannan zai faranta masa. Abin da ya tsorata ni shi ne na zaga gareji-gareji na tarar da mutum biyu cikin waɗanda suka koyi aiki a hannunsa, yanzu manyan makanikai masu iyali, suna jan ƙofa ranar kasuwa don su ji bawul, suna alfahari da cewa haka maigida yake yi. Ɗaya ya ce mini ciwon kai ai gadon sana'a ne. Ga kuma ƙananan janareta da suka fara shiga gidajen 'yan kasuwa, ana ajiye su a zaure don gudun ɓarayi. Yaya mutum ne da in ya gane kuskure a seti yakan kwance aikin gaba ɗaya ko da mai mota ya riga ya gode. Ina kyautata zaton da shi da kansa zai fara fasa wa siton nan taga.

Kunnensa ya rage a garin, yana jikin motocin da har yau ke hawan tudun Wara da lodin kifi. Ƙofar ma ta rage, ita ce nake roƙon a bar masa ita a kabari kada a gada. Sai kuma abokinsa, wanda ya ɗauki nauyin mutuwar da ba shi da hannu a ciki. Ɗantani ba ya karanta jarida, yawancin waɗanda suka janye masa tabarma ma haka. Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan shafi ya isa hannunsa a Yelwa, malamin makaranta ne ko akawu, ya karanta shi da ƙarfi a tasha da rumfar masu kifi. Na cika rubutun nan da wataƙila, don haka nake, amma wannan guda ɗaya zan faɗe ta ba kwana-kwana: mu iyalan Garba ba mu tuhumar Ɗantani da komai, kuma mu ne ke neman afuwarsa.

Inna ce ta ba ni izinin rubuta wannan jimla. Ta ce in an gama girbi in samo mata jirgin ruwan da ba ya tangaɗi, za ta je Shanga da ƙafarta. Allah ya haskaka kabarin Yaya, ya kuma ba ta kwanan da za ta isa.