Hasken da Bulus Ya Ajiye a Zauren Gidana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Bulus, abokin sana'ata. Mutumin Filato ne mazaunin Narayi, ni kuwa daga Tudun Wada nake zuwa, muka haɗa shagon hoto ɗaya a Kakuri.

Shi gwani ne a hoto mai faɗi, irin wanda ake ɗauka kashi-kashi daga hagu zuwa dama, sannan a ɗinke a kwamfuta ya zama ɗaya. A nan muke saɓawa. Ni nakan ajiye aiki a tsarin kwamfuta da ake kira bit takwas don ba shi da nauyi. Shi kuwa sai bit goma sha shida, mai riƙe matakan haske masu yawa tsakanin baƙi da fari. Kwamfutarmu ta tsufa, sai ta yi ta nishi, ga fargabar ɗauke wuta, ga masu hoton fasfo a kan benci suna jira.

"Haba Bulus, ido ba ya ganin bambancin nan," in ce masa.

"Malam Sani, yanzu ne ba ya gani. Taɓa hasken kaɗan, ka ga yadda sararin sama zai tsattsage layi-layi."

Haka ya ɗauki bikin 'yata Rahama, tun daga bakin layi har ƙofar gida. Matata Binta ba ta son kyamara, sai ta laɓe a zaure, wurin ya fito baƙi ƙirin. Ba wanda ya damu. Bulus ya rasu, ba a jima sosai ba ita ma ta bi shi.

Bara Rahama ta ce mini, "Baba, yaran nan suna tambayar kamannin kakarsu." Ga ni mai hoto, amma ba ni da hoton Binta sai na katin shaida. Na buɗo ƙaramin kwafin bikin da ke wurina, mai bit takwas, na ƙara haske a zauren, sai dabbare-dabbare kawai. Daga nan na nemo babban kwafin da Bulus ya ajiye, mai bit goma sha shida. Na yi ta ɗaga hasken a hankali. Sai ga gefen mayafi, ga hannu a haɓa, ga Binta tana kallon 'yarta tana murmushi.

Na waiga in ce masa ya zo ya gani. Ba kowa a shagon sai fanka tana juyawa.

Yau kowa da waya yake juya hannu a iska, hoto mai faɗi ya fito nan take. Na san da Bulus yana nan zai yaba, don ba shi da ƙyashi, amma sai ya tambaya me wayar ta zubar kafin ta gama da sauri haka. Babu mai yin wannan gardama da ni yanzu. Shagon ma shiru ya fi ciniki yawa.

Bulus bai bar gadon gida ba, bai bar suna ba. Abin da ya bari shi ne halin nan nasa na ƙin zubar da abin da ba a san ranar amfaninsa ba. Jikokina sun san fuskar kakarsu. Duk wanda ya tambaye su wa ya ɗauki hoton, sai su ce Baba Bulus, alhali ba su taɓa ganinsa ba.