Baffa Sale Ya Shigo Kyamara

Jama'a ku taimake ni, gaisuwa ta kashe ni yau!

Kun san na kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar ƙwallon waya. Wanda ya ci, Legas za a kai shi. A ƙauyenmu nan bayan Makoda, sabis ba ya kamawa sai gindin tsamiyar gonarmu. Can na zauna. Dokar gasar, alƙali na kallonka ta kyamara, wata fuskar ta leƙo an kore ka.

Ina ci ɗaya da nema, sai na ji sallama. Baffa Sale, yayan babanmu, fartanya a kafaɗa!

Na amsa idona kan waya. Ya ce, "Kai Habu, ni za ka gaisar a zaune?"

Wallahi na durƙusa, na miƙa hannu biyu. Waya a ƙasa! Ya gida, ya ruwa, gyaɗa ta yi? Kafin ya kai kan jikin Inna an zura min ƙwallo biyu!

Alƙali ya yi magana. Baffa ya sunkuya, fuskarsa ta cika kyamara. "Au, baƙo gare ka? Malam, sannu da zuwa. Ya iyali?"

Nan take aka cire ni!

Masu gasar sun ce in ɗaukaka ƙara kafin magariba. Don girman Allah, wa ya iya Turanci ya rubuta min?

Baffa kuwa yana nan tsaye a kaina. Wai ba inda za shi sai baƙona ya amsa masa gaisuwa!