Bakin Bindiga Ƙasa

"Suna bayan motar nan da ta ƙone. Kin gan su?"

"Na gan su. Harsashina fa ya kusa ƙarewa."

"To matsa kaɗan, bari in gaishe su da Tsawa."

"Allah ya bar min kai. Da ba ka nan da tuni sun cinye ni."

Ta silin maganar ke saukowa. Takan biyo ramin da aka huda wa wayar fanka, ta faɗo daidai kan teburin Saje a ɗakin ƙasa, inda yake zaune da kan keken ɗinki a kwance gabansa. Jimlar ƙarshe ce ta sa ya ajiye sukudireba. Muryar Auta ce, 'yarsa. Wanda take wa addu'ar kuma Kawunta ne, ƙanin matar Saje, mai aski, da ke zaune a ɗakin sama. A iya sanin Saje, mutumin nan bai taɓa riƙe makamin da ya wuce aska ba.

Saje ya shiga soja tun gemu bai fito masa ba. Da aka ga hannunsa na da tsabta kuma ba ya ɓatar da ko ƙusa, sai aka tura shi ma'ajiyar makamai, can kuma ya tsufa. Bai taɓa zuwa fagen daga ba, ba ya kuma ɓoye hakan. Yakan ce bindigogi ne ke zuwa, su dawo su ba shi labari: wadda ta sha laka, wadda mai ita ya tsorata ya jefar, wadda ba a ko harba ba amma mai ita ya cika bariki da surutu. Ya kwance su, ya goge, ya shafa mai, ya jera. Kuratan da suka biyo ta tagarsa sun manta fuskarsa, amma ba wanda ya manta maganarsa guda: bakin bindiga ƙasa. Da harsashi ko babu, da wasa ko da gaske, ba a nuna ɗan'uwa da ita. Wanda ya juyo da ita wajen abokinsa yana dariya, ranar sai ya yi tsallen kwaɗo har ƙafarsa ta daina jin magana.

Dokar ta biyo shi gida. Yaro ya ɗaga ludayi ya nuna ƙaninsa ya ce "tau", sai ya ji muryar uban daga ɗaki. 'Ya'yansa maza sun girma sun watse ba tare da ɗayansu ya taɓa tambayarsa abin da yake yi a wurin aiki ba. Auta ce kaɗai mai tambaya. Tana ƙarama takan shige ƙarƙashin teburinsa ta ce ya faɗa mata sunan kowane ƙarfe, shi kuma ya zana mata a bayan kwali: nan kunama, nan gidan harsashi, nan inda ake ɗora kafaɗa. Ya taɓa jin ta a bakin ƙofa tana gaya wa ƙawayenta cewa babu bindigar da babanta bai sani ba a duniya. Ranar har maƙwabta sai da suka ga haƙoransa.

Da ya yi ritaya sai ya koma gyaran keken ɗinki da kwaɗon ƙofa. Ya ce duk ƙarfe ne mai son mai da haƙuri. Auta ta yi karatun jinya, ta fara aiki a asibiti, kuma ko da ta dawo a gajiye takan ja kujera kusa da teburin ta ba shi labarin marasa lafiya masu taurin kai.

Sai Kawu ya sayo na'urar wasan gem irin wadda ake haɗawa da talabijin, wai don masu jiran layin aski su rage zaman banza. Da suka fara faɗa a kanta har wani ya tashi da rabin kai, ya kwashe ta ya kai sama. Auta ta hau sau ɗaya don ta kai masa abinci. Tun daga nan kujerar da ke kusa da teburin Saje ta zama wurin ajiye gwangwanin mai.

Ranar da Saje ya fara hawa saman, ya ce bututun ruwa ya zo dubawa. Ya tsaya bayansu hannu a baya. A allon talabijin duniya ta riga ta tashi: gidaje ba rufi, motoci sun yi tsatsa a kan titi, ciyawa ta fito a tsakiyar kanti. 'Yan mutanen da suka rage suna yawo suna tsintar abincin gwangwani da harsashi, wasu halittu masu ruɓaɓɓiyar fata suna farautarsu. Auta da Kawu kowa da mutuminsa a ciki, kowa kuma riƙe da abin dannawa mai ƙahonni biyu, wanda Saje ya raɗa wa kaguwa nan take.

Abin da ya tsayar da shi bindigar hannun Auta ce. Ta gaske ce, mai lanƙwasasshen gidan harsashi, irin wadda ya goge har zanen yatsunsa ya kusa shafewa. Ya yi gyaran murya ya ce ai ba haka ake sa mata harsashi ba, sai an fara saƙala gaba sannan a ja baya. Auta ta ce "to, Baba" ba ta juyo ba. Can bindigar ta lalace, ya matso don nan ne fagensa, sai ya ga ta kai ta wani teburi a cikin wasan, ta haɗa ta da salatif da gwangwanin madara, ta dawo sabuwa fil. Ya ce wannan cin mutunci ne. Kawu ya ce a duniyar da ta tashi ba a samun man keke, Yaya Saje, sai a yi haƙuri.

Ita kuwa Tsawa, wadda Kawu ke taƙama da ita, ba ta da dangi a cikin bindigogin Allah. Bututun famfo ne aka ɗaura wa batirin mota da wayar fanka, in an danna sai ta tofa shuɗiyar walƙiya ta ƙone duk abin da ke gaba. Saje ya tambaya ina harsashin ke shiga. Babu. Ina hayaƙin ke fita? Babu. Ya ce wanda ya ƙera wannan ko fitila bai taɓa gyarawa ba. Auta ta ce ita ma tata take haɗawa, ta daɗe tana tara kayan, kuma Kawu ne ya san inda ake samun kowane. Ta ƙara da cewa babu bindigar da Kawu bai sani ba a wasan nan.

Saje ya sauka bai duba bututun ba.

Daga ranar ya daina aski wurin Kawu. Yakan wuce shagon, wanda ke ƙofar gidan, ya taka har layin baya wurin wani mai rawar hannu, ya dawo da yanka a bayan kunne. Kawu kan leƙo ya ce wa ya yi wa yayana wannan aika-aika, a kai shi ƙara. Saje ya ce gara yankan baƙo da surutun dangi. A gida ya fara kiran Kawu "Janar Almakashi". Matarsa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin tsoho na gaba da akwatin lantarki ba. Ya ce shi ba ruwansa da akwati, ƙarar ce ke hana shi jin bugun keke. Ta ce ƙarar harbin ce ko ta dariyar? 

Wata yamma dariyar ta yi yawa, ya ɗauki sandar goge ƙasa zai bubbuga silin. Ya ɗaga ta ke nan ya tuna Auta na zaune daidai saman wurin. Ya sauke sandar, ya jingine ta kai ƙasa, ya koma ya zauna.

Ana haka aka yi wa Auta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. A wurin cin abinci uwar ta fara share ido, Kawu ma ya ce shi ke nan an raba shi da mataimakiyarsa. Auta ta ce ba abin da zai canja, ai ta sayi tata na'urar, duk inda take za su haɗu a ciki, su sa abin kunne su yi ta hira kamar suna ɗaki ɗaya. Saje ya tambaya, kamar ba da wata manufa ba, hirar takan kai tsawon yaya. Kawu ya ce sai dai in wuta ta ɗauke.

Saje ya san irin wayar da yake yi da 'ya'yansa maza. Lafiya? Lafiya. Ya aiki? Da godiya. Ga mamanku. Ya lissafa a ransa: shi zai samu "lafiya lau, Baba", mai aski kuma ya samu labarin marasa lafiya masu taurin kai, da wanda ya ɓata mata rai, da abin da ta ci. Kuma duk zai riƙa jin rabin hirar ta ramin fanka. 

Ko Auta ta lura, ko uwar ce ta tsegunta mata, ranar hutunta ta ƙarshe ta sauko ta ja shi sama. Kawu ya miƙa masa kaguwarsa da hannu biyu, ya ce ga Janar ya sauka wa Saje. Aka nuna masa na tafiya, na juyawa, na harbi. Ya ƙi Tsawa, ya zaɓi wadda ya sani. Auta kuwa tana rataye da tata Tsawar, wadda ta gama haɗawa a makon. Ta gargaɗe shi cewa wanda ya mutu a wasan, abin da ke jikinsa a nan yake zubewa.

Suka shiga wata tashar jirgin ƙasa da ta rushe, ita a gaba, shi a baya. Da farko ya yi ta karo da bango, ya shiga wani lungu ya kasa fita sai da ta dawo ta jawo shi. Amma abin da Kawu ya fara lura da shi daban ne: duk lokacin da mutumin Auta ya gitta gabansa, sai mutumin Saje ya sunkuyar da bindiga yana kallon ƙasa. Kawu ya ce ko kuɗi ya yar ne. Saje ya ce ya kula da askinsa.

A wani siririn lungu halittun suka fito, daga gaba, suka yo kan Auta. Tsawarta na buƙatar ta huce kafin ta sake tofi. Tsakanin Saje da su babu kowa sai ita.

"Harba, Baba."

"Kina gabana."

"Ta cikina za ka harba. Ba ya kama ɗan'uwa, haka aka yi wasan."

"Matsa gefe."

"Babu gefe. Baba, harba kawai."

Babban yatsansa na kan abin. Ya ɗaga bakin bindigar har ya kai tsakiyar bayanta, inda jakarta ke rataye. Zane ne, ya sani, ko kama da ita bai yi ba. Yatsan ya ƙi. Ya mayar da bakin ƙasa, yana kallon duwatsun layin dogo aka kayar da ita, sannan aka zo kansa.

Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Sai ta ce ba komai, Baba, ai wasa ne. Ta zare kaguwar daga hannunsa a hankali, yadda take karɓe kofi daga hannun majinyaci, ta miƙa wa Kawu ta ce su yi sauri ko za su tarar da Tsawar ba a tsince ba. Saje na tsaye ya ga wasan ya sake tayar da su, sun koma lungun. Ya ga Kawu ya tsaya a bayanta ya saki walƙiya ta tsakiyar ƙirjinta ba ko ƙifta ido, halittun suka zube, ita kuma ta yi dariya ta ce Allah ya bar mata shi. Tsawar Auta dai wani ɗan wasan ya riga su tsince ta.

Bayan tafiyarta gidan ya yi faɗi. Ta kira ta ce ta sauka lafiya, ɗakin ba laifi. Ya ce to madalla, ta kula da kanta, sai ya ce ga mamanki. Da yamma muryar Kawu ta fara saukowa ta ramin fanka ita kaɗai, da gibi a tsakani inda amsar Auta take. Saje ya ji yana cewa, ita shugabar taku haka ta ce miki? Sai shiru. Sai dariya. Saje ya zauna da sukudireba a hannu yana ƙoƙarin cike gibin da kansa, bai san ko wace shugaba ba ce, bai san me ta ce ba.

Washegari da hantsi shagon aski ba kowa sai Kawu yana kaɗe kilifa. Ya ga Saje ya nufo layin baya kamar kullum, har ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya ga ya tsaya, ya juyo, ya shigo ya zauna a kujera. Kawu ya yafa masa ƙyalle. Ya duba bayan kunnen ya girgiza kai, ya kunna kilifa.

Sai da aka yi rabin kai Saje ya yi magana, idonsa a kan madubi. Ya ce har gobe Tsawa ba bindiga ba ce. Kawu ya ce ya yarda. Ya ce kuma shi ba zai harba ta cikin 'yarsa ba, ko a zane, ko a mafarki. Kawu ya ce wannan kuma kowa ya gani.

Saje ya ɗaga hannu daga ƙarƙashin ƙyallen, kilifa ta tsaya.

"In ka rufe shago ka hau da ni. Ka ara min kaguwar nan da abin kunnen, ka koya min gudu. So nake in riƙa riga ta shiga lungu, ni a gaba, ita a baya."