Rairayin Taimamar Malam

Ƙarshen sanyi ne, ƙanƙarar bakin titinmu na Tremont a Bronx ta narke ta zama baƙin ruwa. Shekarar ta yi mana nauyi. Tun da maigidana Malam ya samu shanyewar ɓarin jiki alwala ta gagare shi, sai taimama, a kan wani ɗan dutse da aka ba mu a masallaci. Kullum sai ya ce dutsen nan sanyi gare shi kamar ƙarfe.

Autarmu Rakiya ta ce na gaji da jinya, za ta kai ni hamada in huta, yayanta ya kula da babansu. Da Malam ya ji, sai ya riƙe ni da hannun da ke motsi ya ce, "Ki zo min da rairayi, ko cikin tafi ɗaya. In sa hannu a kai kamar a garinmu Tanut." Na ce in Allah ya yarda.

Tashi

Kafin asuba muka fito. Wani direba ɗan Gana ya kai mu filin jirgi, yana ta dariya. "Hajiya, kin baro hamada kin zo Amurka, yanzu kuma ki hau jirgi ki je nemanta?" Na ce, "Tambayi 'yarka, ga ta nan." A wurin bincike suka karɓe min kwalbar man shanu. Sama da awa biyar muna sama kafin mu sauka Las Vegas, Rakiya ta karɓi motar haya.

Gandun

Bayan la'asar muka shiga gandun shaƙatawa na jihar. Jajayen duwatsu, babu inuwa, babu rijiya. Na ce, "Ina masaukin?" Ta nuna min fili. Ashe tanti za mu kafa, a ƙasa za mu kwana, wai hutu ke nan. Iska tana fizgar tantin, ita tana neman bayani a waya, wayar babu sabis.

Rairayi kuwa ba inda bai shiga ba. Shinkafa, shayi, kunne, har tsakanin haƙora. Da safe na ga Turawa tsofaffi da sanduna suna hawan dutse. Na ce ina za su, ta ce ba ko'ina, tafiya ce kawai. Muka bi su, ƙafata tana ciwo, muka kalli dutse muka dawo. Na haƙura, don yarinyar da zuciya ɗaya ta kawo ni.

Rana ta biyu

Na samu wuri mai laushi a gindin dutse, na fara zuba rairayi a leda. Rakiya ta zaburo. "Mama, a'a! Ba a ɗaukar komai a nan, doka ce."

"Ƙasa ce fa, 'yar nan. Ta babanki ce."

Ta je ta kira ma'aikaciyar gandun, mai faffadar hula. Matar ta saurara da ladabi, ta ce ta tausaya, amma in kowa ya ɗebi tafi ɗaya wurin zai lalace. Na ce wa Rakiya, "Gaya mata a garinmu rairayi ne yake binne katanga, da shebur muke korarsa." Ban sani ba ko ta fassara. Na zazzage ledar. Ba zan kai wa Malam abin da aka hana ya yi salla da shi ba.

Da yamma iska ta taso da ƙarfi, ta tumɓuke tantin. Muka cusa bargo da darduma a jaka ba ko kaɗewa, muka koma gari muka kwana a otal.

Gida

Muka iso Bronx lafiya, alhamdulillahi, na gode wa Rakiya da yayanta. Malam bai dubi fuskata ba, hannuna ya duba. Na gaya masa yadda aka yi. Ya ce, "Ba komai," ya ce a miƙo masa dutsensa.

Washegari na buɗe jaka zan yi wanki. Ina warware dardumata sai na ji shuuu. Na tsaya cak. Na ɗauko faranti mai tsabta, na kaɗe ta a hankali, na kaɗe bargon, har aljihun jakar. Jan rairayi ya rufe gindin farantin.

Na kira Rakiya. "Wannan ma doka ta hana?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Mama, wannan shi ya biyo ki."

Na tankaɗe shi da rariya, na ɗora farantin a kan hitar ɗumama ɗaki ya yi ɗumi. Da azahar ta yi na ajiye wa Malam a cinya, na ɗauke dutsen na sa a aljihun tebur.