Sa Hannun da Ya Hana Garba Karatu

Har gobe ban manta ranar da Injiniya Garba ya shigo ofishina da takardar jami'a yana washe baki ba. Zamanin arzikin mai ne, ina akawu a sashen ayyuka a Birnin Kudu, kowane fayil ta hannuna yake bi.

Garba ɗan Fagam ne, shi ke gina mana kwalbatoci a hanyar Gwaram. Jami'a ta ba shi gurbin digiri na biyu, ta ce ya zaɓa: hanya, gine-gine ko ruwa. Ya zaɓi ruwa, don ya gaji da ganin damina tana cinye masa aiki. Sati uku aka ba shi ya kai takardar hutun karatu, in ba haka ba a ba wani. A ƙa'ida kuwa, ma'aikaci ba ya tafiya karatu sai shugaban sashensa ya sa hannu.

To shugabanmu, wani Alhaji, a wurin ɗaurin aure ya tsinci labarin a bakin mutane. Laifin Garba ke nan kaf: bai fara zuwa gidan Alhaji ya durƙusa ya nemi albarka ba.

Na kai fayil. Ko buɗewa Alhaji bai yi ba, ya ce, "Malam Isa, ajiye shi tukuna."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwanaki na tafiya."

Ya ce, "Ni aka ba gurbin?"

Na ja Garba gefe na ce ya je gidan Alhaji ya ba da haƙuri. Sau uku yana zuwa, ana ce masa Alhaji na hutawa.

Kwana biyu bayan wa'adi ya cika, Alhaji ya aiko a kawo fayil. Ya rattaba hannu yana murmushi, wai, "Ni ba na hana yaro ci gaba." Mugu kawai. Abin da ya fi ƙona mini rai, wallahi, ni ne: hannu biyu na sa na karɓa, har da "Allah ya ƙara girma."

Garba ya hau mota ya tafi jami'a, ya tarar an ba wani. Da shekara ta zagayo ya sake nema, an canza tsari, sai mai shekara biyar a aiki, shi kuwa bai kai ba. Daga nan iyali suka yi yawa, magana ta mutu.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, ku ji da kyau. A ofis ba a cika cutar mutum da "a'a" ba, ana barin takardarsa ne ta kwanta, kuma dole sai an samu ƙaramin ma'aikacin da zai yarda ya ajiye ta. Sati uku fayil ɗin Garba yana durowata, makullin yana aljihuna.