Kaskon Inna a Ƙauyen Ƙanƙara

Ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Disamba, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, mota ta sauke mu a wani ƙauye da ke can saman duwatsun ƙasar Faransa. Mu huɗu ne: mahaifina, mahaifiyata da muke kira Inna, ni, da ƙanwata Balki, wadda ba ta isa shiga makaranta ba. Ƙanƙara ta rufe hanya da rufin gidaje, ba a jin motsin komai sai ƙarar takalmanmu. Mahaifina ya tsaya cikin babbar rigarsa da kwat a sama, ya ɗaga kai yana neman rana don ya gane alƙibla, duwatsu sun tare ta. Inna kuwa ta ƙara ɗaure Balki a baya, ta ce, "Alhaji, wanga wuri mutane na kwana cikinai?"

Mahaifina dillalin fatun jan akuya ne, kuma ban san wani a garinmu Illela da ya riga shi kai iyalinsa Turai ba. Yakan tara fatu daga ƙauyukan Araba da Amarawa har ƙetaren iyaka, ya sayar wa wani Bafaranshe da 'yan kasuwa ke kira Dogo, wanda a garinsu ake ɗinka safar hannu da su. Dogo ya sha cin tuwo a zaurenmu, shi ya sa ya nace sai mun zo hutun sanyi gidan iyayensa, ya rama karamci.

Gidan na katako ne, shanu a ƙasa, mutane a sama, ɗumin dabbobin yana hawowa ta tsakanin allunan daɓe. Kowace safiya nakan taya tsohon gidan, mahaifin Dogo, zuba wa shanu busasshiyar ciyawa, in kwaso itace zuwa madafa, sa'an nan in bi yaran ƙauyen mu hau tudu mu gangaro a kan wani katako mai santsi. Ba na jin yarensu, ba sa jin nawa, amma na koya musu langa, suka yi ta faɗuwa suna dariya. Inna ce kaɗai ba ta sake ba. An kai ruwan zafi kowane ɗaki ta bututun ƙarfe don ya ɗumama shi, amma ita takan taɓa ƙarfen ta girgiza kai. "Ɗumin da ban ga garwashinai ba, ban yarda da shi ba," in ji ta.

A gida, idan ɗari ya shigo, kowace uwa takan ɗebi garwashi a kasko ta kai ɗakin yara. Haka aka yi wa Inna, haka ta yi mini, ba wanda ya taɓa ko ciwon kai. Ɗakunanmu na laka ne da rufin ciyawa, ƙofarsu asabari, iska na shiga tana fita yadda ta ga dama.

Wata rana Balki ta biyo ni waje, ta jiƙe har gwiwa, ta dawo tana rawar sanyi da tari. Bayan azahar Inna ta shafe ta da man shanu, ta kwantar da ita a ƙaramin ɗakin da aka ba mu. Matar Dogo ta tafi kasuwa, maza suna wurin shanu. Inna ta sami wani kwanon ƙarfe, ta cika shi da garwashi daga murhun madafa, ta ajiye kusa da gadon, ta rufe taga mai gilashi biyu, ta ja ƙofa ta toshe ƙasanta da zane don kada sanyi ya sami yarinyar. Daga nan ta sauka ta ɗora miyar kuka, da kukar da daddawar da ta ƙullo tun daga gida, don Balki ta ƙi cin abincinsu.

Ina kakkaɓe takalmi a bakin ƙofa wajen la'asar na ji muryar Inna daga sama. Ba ihu ta yi ba, kira ne, irin wanda ake yi wa yaro mai nauyin barci. "Balki, tashi ki ci tuwo. Balki. Alhaji, taho ka gani, mi as samu ɗiyag ga?" Dogo ya riga mahaifina hawa. Da ya ga kwanon, ya fasa tagar da gwiwar hannu, ya sungumi yarinyar ya fito da ita kan ƙanƙara yana hura mata numfashi. Kumatunta sun yi ja kamar mai ƙoshin lafiya, har Inna ta ce ai barci take. Kafin likita ya hawo daga garin da ke ƙasa, rai ya yi halinsa.

Likitan ya yi bayani, Dogo ya fassara yana kuka: garwashi yana fitar da wata iska marar wari, wadda ke kashe mai barci idan ɗaki ba shi da mafita. Mahaifina ya saurara har ƙarshe, ya dubi Inna, ya ce, "Abin da uwarta ta yi mata shi ta yi wa ɗiyarta. Kada wanda ya ƙara magana." Ban kuma ji ya ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Ba a bar mu mun yi sutura a ranar ba, sai da hukuma ta gama bincikenta. Ƙasar ƙauyen ta daskare, kuma ba maƙabartar Musulmi. A garin ƙasa wasu leburori 'yan Aljeriya suka haƙa kabarin, suka tsaya sahu bayan mahaifina, mutanen da ba mu san sunan ko ɗayansu ba. Muka dawo Illela mu uku. Mutanen da suka taru taryar 'yan Turai suka zauna zaman makoki.

Yanzu na tsufa, na yi aikin gwamnati na ajiye cikin mutunci. Tafiya Turai ta zama abin yau da kullum, jikokina ma sukan aiko mini da hotunansu cikin ƙanƙara ta waya, in yaba, in kife wayar. Inna ta yi tsawon rai, kuma duk wanda ya tambaye ta yawan 'ya'yanta, takan lissafa mu da waɗanda ta haifa daga baya, sa'an nan ta ce, "Da guda tana Turai." 'Ya'yan maƙwabta da ke can sukan zo gida da salla. Tamu har yau ba ta zo ba.